Jinyar 'Yan Agwagin Gwaggo Tabawa

A Tungar Bado, tun zamanin da tafkin garin ke cika har ya shafi gindin kukar kasuwa, an yi wani mutum ana ce masa Cindo. Ƙato ne, gemunsa har ya fara furfura ɗaya-ɗaya, ga ƙarfi kamar na bijimin sa. Sai dai duk maganar da aka faɗa masa a haka yake ɗaukarta, ba ragi ba ƙari. Su biyu ne a gida, shi da ƙanwar ubansa, Gwaggo Tabawa, wadda ta rene shi tun yana rarrafe. Sai kuma agwagi. Ba irin agwagin yanzu ba masu ƙirji kamar ludayi. Waɗancan in ɗaya ta taho tana rangaji, akuya ma ratse mata take yi, kuma wanda ya ce ƙarya ne bai zo garin a lokacin ba. Gwaggo ta gaji irin ne a wurin uwarta, uwar ma a wurin tata uwar.

A wata damina abubuwa suka taru musu. Agwagin suka ƙare saura uwa ɗaya, ita ma motar kasuwa ta bi ta kanta, ta bar 'ya'ya goma sha ɗaya, kwanansu tara da ƙyanƙyasa. A satin nan Gwaggo ta zame a bakin rijiya ta karye a cinya, maɗori ya ɗaure ta da kara, ya ce kwana arba'in babu takawa. Sannan ciwo ya shiga 'yan agwagin. Sai ka ga ɗaya yana tafiya lafiya lau, kawai wuyansa ya murɗe baya yana kallon sama, ya faɗi rigingine yana harba ƙafafu kamar mai iyo a iska. Kafin Juma'a uku sun mutu.

Gwaggo ta sa aka jawo tabarmarta bakin ƙofar ɗaki. Ta ce, “Cindo, takwas ɗin nan su kaɗai suka rage min daga hannun uwata. In suka tafi, iri ya ƙare. Kai ne ƙafata yanzu.”

Cindo ya dubi ƙafarsa, ya dubi tata, ya ce, “To, Gwaggo.”

Wata rana Gwaggo ta ce, “In ciwon ya kama ɗaya, ka ɗauke shi ka riƙe a tafin hannu. Kada ka sake shi sai ya daina motsi.” Da hantsi ciwon ya kama ɗaya, Cindo ya ɗauka. Jijjigar ta wuce, ɗan agwagwa ya farfaɗo yana neman sauka, amma ai motsi bai daina ba, don haka Cindo bai saki ba. Na biyu ya faɗi, ya cika ɗaya hannun. Da na uku ya faɗi, ya yi dabara ya tura shi cikin hula ya kifa a ka. A haka mai unguwa ya shigo duba Gwaggo, ya miƙa wa Cindo hannu. Cindo ya miƙa masa gwiwar hannu.

“Kai, lafiya?”

“Lafiya lau, ranka ya daɗe, hannuwan ne da mutane a ciki.”

Sai hula ta ce, “Cii, cii,” ta fara tafiya zuwa ƙeya. Mai unguwa ya ja da baya yana a'uziyya, ya taka kaskon dusa. Gwaggo ta yi dariya har cinyar ta amsa, ta koma salati.

Wata rana kuma Gwaggo ta ce, “Mai wannan ciwon in ya faɗa ruwa nutsewa yake, ko da agwagwa ne. Duk ruwan da ka gani ya wuce gaɓar yatsa zurfi, ka zubar.” Cindo ya fara da kaskon shansu, wannan daidai ne. Ya tsoma yatsa a randa, ya kife ta. Ya bi da tulu, ya bi da butar alwalar Gwaggo. Ya tsallaka gidan maƙeri, ya tarar da matarsa Kubura ta jiƙa gero tun safe, ya tsoma yatsa ya tsiyaye. Kubura ta biyo shi da muciya har ƙofar gida tana cewa, “Wallahi ba don Gwaggo ba, yau da na gwada zurfin kanka!” Da la'asar masunta suka same shi a bakin tafki, ya naɗe wando, yana kwasar ruwa da ƙwarya yana watsawa kan tudu, ruwan yana gangarowa inda ya fito.

Suka ce, “Cindo, yaushe za ka gama?”

Ya ce, “In kun sa hannu ba zai daɗe ba.”

Wata rana Gwaggo ta lura duk lokacin da aka yi ƙara ciwon ya fi tashi, ta ce, “Kada a ƙara yin hayaniya kusa da su. Ko tari ban yarda ba.” Cindo ya ɗaure wa zakaran maƙwabta baki da zare. Ya je maƙera ya roƙi a riƙa dukan ƙarfe a hankali. Shi kansa ya rufe baki ruf. Can Gwaggo ta ji ƙishirwa ta kira, “Cindo!” Yana bayan ɗaki a tsugune gaban kwandon 'yan agwagi, yana jinta, amma amsawa ai hayaniya ce. Ta kira sau bakwai. Hankalinta ya tashi, ta kurma ihu cewa ɗan nan ya faɗa rijiya. Unguwa ta cika gida, maza da igiya, mata da salati, Kubura ta fi kowa kuka. Da aka watse, biyu daga cikin 'yan agwagin sun sandare a kwando. Cindo ya ɗauke su a tafin hannu kamar yadda aka koya masa. Wannan karon ba motsi. Ya ce, “Gwaggo, sun daina. In sake su?” Ranar ba wanda ya yi dariya.

Wata rana, ranar kasuwa ce, aka ce Malam Ishaya malamin dabbobi ya zo yi wa shanu allura. Gwaggo ta ce, “Maza je ka nuna masa yadda suke yi, daidai-wa-daida.” Cindo bai ɗauki ko ɗaya ba, don ba a ce ya ɗauka ba. Ya isa tsakiyar kara, inda ake cinikin shanu, ya yi sallama, ya murɗe wuya baya, ya zube rigingine cikin taɓo yana harba ƙafafu yana cewa, “Cii, cii!” Dillalai suka watse, wata mai nono ta zubar da ƙwarya guda, wani ya sheƙa masa ruwa. Malam Ishaya kuwa ya tsuguna yana kallo da kyau.

“Kaji ne ko agwagi?”

“Agwagi, Malam.”

“Sake yi in ga wuyan.”

Cindo ya sake, har ya fi na farko. Malam ya ba shi wani garin magani ruwan ɗorawa a riƙa sa musu a ruwan sha, ya ce zai biyo ta gidan kasuwa mai zuwa. An ba su maganin, an ɗan ga sauƙi, amma kwana biyu bayan haka wani ya sake tafiya. Saura biyar.

Wata rana da safe Gwaggo ta kasa shan kununta. Ta juya fuska bango ta ce, “Na gaji da faɗa maka ɗaya-ɗaya, ɗan nan. Yadda kake min jinya, haka za ka yi musu. Abin da Allah ya yi shi ke nan.”

To, Cindo yana da tsarinsa na jinya, kuma ba ya tsallake ko ɗaya. Na farko, ba ya miƙa wa Gwaggo komai sai ya ɗanɗana, kada ya yi zafi ko tsami. Saboda haka ya je lungun da buhun abincin agwagi yake, dusa ce haɗe da garin ƙuli-ƙuli, wadda Gwaggo ta tara tun kaka. Ya dumbuza ya cika baki. Ɗaci ya naushe shi har cikin kunne, ya furzar yana kakari. Na biyu, in kunun Gwaggo ya lalace zubarwa yake ya dama sabo. Sai ya saɓi buhun ya kai bayan gari, ya haƙa rami ya juye ya binne. Ya dawo ya dama kunun gero, ya marmasa dafaffen ƙwai a ciki, ya zuba zogale da ɗan busasshen kifi, duk daga abin da aka ajiye wa mai karaya. Ya fifita, ya ɗanɗana, ya ajiye musu. Da hantsi ya shimfiɗa musu tabarma su sha rana, ya tsaya a kansu da mafici yana cewa, “Sannunku. Ya jikin?”

Da Gwaggo ta ji labari, sai da ta yunƙura za ta tashi. “Buhuna! Buhun da na yi wata biyar ina tarawa! Da ƙwaina!”

“Da ɗaci, Gwaggo. Ke ma ba na ba ki mai ɗaci.”

“Ni agwagwa ce?”

“A'a. Amma kin ce.”

Kwana uku ba ta amsa gaisuwarsa. A kwana ukun nan ɗaya ne kawai ciwon ya taɓa, shi ma ya tashi ya kakkaɓe.

Ranar kasuwa Malam Ishaya ya jingine babur ɗinsa a ƙofar gida, ya tarar da biyar ɗin suna rububin kasko. Ya ce a nuna masa abin da suke ci da can. Gwaggo ta ce, “Tambayi sarkin wayo, ya binne.” Cindo ya ɗauko tsohon buhun. Malam ya juya cikinsa waje, sai ga fumfuna kore-kore ta kama shi tun daga tsakiya har gindi, inda damshin bango ya ratsa. Ya shinshina ya kau da kai.

Ya ce, “Iya, ga ciwon nan. Gyaɗa in ta yi fumfuna, guba ce ga ɗan agwagwa. Da sun ƙara sati a kan wannan, ko ɗaya ba za ki gani ba. Wa ya gane?”

Gwaggo ta dubi Cindo, ta goge ido da bakin zane. Ta ce, “Allah ya yi maka albarka. Ka ci gaba yadda kake yi.”

Biyar ɗin nan duk sun rayu, uku mata biyu maza, ɗaya dai wuyansa bai koma daidai ba, ya girma yana yi wa duniya kallon gefe. Yau tafkin ya zama gonar albasa, kukar ma ta faɗi, amma duk agwagwar kirki da ka gani a Tungar Bado daga cikinsu ta fito.

Ranar da maɗori ya kwance kara, Gwaggo ta dogara sanda ta fito tsakar gida. Ta hango Cindo tsugune a bakin kwata, agwagi biyar sun jeru a bayansa suna jira, shi kuwa yana tauna wani abu, ya lumshe ido.

“Cindo, mene ne a bakinka?”

“Tanar ƙasa ce, Gwaggo.” Ya haɗiye, ya juya ga agwagin. “Ba ɗaci. Bismillah.”