Fankar da ta ƙi juyawa a waya

Ku matso ku ji. Wani mai gyaran fanka ne, gwani na gaske, amma ji da kai ya yi masa yawa. Ni na san shi, don ni na koya masa riƙe sukudireba, ko da yake yanzu sai ya musa.

Lokacin da intanet ta fara shigowa, gogan naku ya sa aka yi masa shafi. Kana buɗewa sai ka ga wata ƙatuwar fanka tana juyawa, fir-fir-fir, taurari na faɗowa daga fikafikanta, sunan shagonsa na tsalle a ƙasa. Sai dai fankar ba ta juya wa kowa haka kawai. Dole ka fara sauke wata 'yar manhaja ta wani kamfani, ka dasa a kwamfutarka, ka jira ta gama shiga, sannan fanka ta motsa.

Wannan dolen ita ce abin alfaharinsa. Yana zaune a ƙofar shago yana cewa maƙwabta, "Fankata ba ta juya wa talaka. Sai wanda ya shirya."

Ana nan sai duniya ta koma waya. Masu waya suka ce ba su san wannan manhaja ba. Kamfanin ma ya gaji, ya ce ya rufe, kowa ya kama gabansa. Wata safiya mutumin ya buɗe shafinsa a waya, ga fanka tsaye cik, kamar an ɗauke wuta.

Aka fara yi masa tsiya a layi. Mai walda na kusa da shi ya leƙo ya ce, "Gwani, na kawo tawa gyara, amma na ga taka ma tana jinya."

Abin ya zo a mummunan lokaci, don manajan wani babban otal ya aiko cewa zai ba da aikin gyaran fankokin otal ɗin gaba ɗaya. Sharaɗi guda ne, sai ya ga shafin mutum tukuna. Ga wani mai gyaran a bayan layi shi ma yana nema, shafinsa ba ado ba kwalliya, amma ko a wayar kakarka zai buɗe.

Gwani ya ce ai fanka fanka ce. Ya ɗauko baƙin mai ya ɗiga a ramin cajin waya. Shiru. Ya sa tsinke yana tura fiffiken ta kan gilashi, yadda ake yi wa fankar sama in ta yi nauyi. Shiru. Ya kara kunne ko zai ji tana gurnani. Ya buga wayar da tafin hannu sau biyu, ta mutu gaba ɗaya.

A haka ƙanwar matarsa ta shigo ta same shi. Ita aikinta ke nan, haɗa wa mutane shafuka.

"Yaya, me kake soyawa a waya?"

"Ke dai tsaya can. Tsatsa ce."

"Ba tsatsa ba ce, Yaya. Masu manhajar nan sun kulle shago sun tafi da makulli. Bari in sake maka shafin da tsarin da kowa ke bi yanzu. Ba na wani kamfani ba ne, kowace waya ta iya shi. Ba a sauke komai, ana buɗewa fankarka za ta juya."

"Kowa da kowa?"

"Kowa da kowa."

"Har mai walda?"

"Har shi."

"Allah ya kiyaye! Fankata ta zama famfon kan titi, duk mai wucewa ya murɗa? Ke ba ki san darajar kaya ba. Shi ya sa har yanzu yayarki ce ke zaɓa miki takalmi."

"To Yaya, ka ci gaba da zuba mai. In ta yi laushi ka kira ni."

Ta fita tana dariya. Shi kuma ya shiga ɗakin tarkace ya tono tsohuwar kwamfutarsa, mai ƙatuwar ƙeya, wadda kaza ta taɓa yin ƙwai a kanta. Ya kunna. Ta yi tari, ta yi nishi, can sai ga fanka, fir-fir-fir, da taurarinta. Ashe manhajar na nan a ciki tun zamanin da.

Ya yi ihu, "Na faɗa muku wayoyinku ne marasa lafiya!"

Ranar zuwa otal ya loda kwamfutar a baro, ya rufa mata bargo don kar iskar zamani ta taɓa ta. Akwatin kayan aiki bai samu wuri ba, ya bar shi a shago. Mai gadi ya tare shi a ƙofa ya ce masu kwasar shara ta baya suke bi.

"Shara? Shafina ne na intanet!"

"Shafin intanet a baro?"

"Nawa mai nauyi ne."

Da kyar aka kai shi ofishin manaja. Manaja na kan kujerarsa mai juyawa, gumi ya jiƙa masa riga, don fankar ofishin ma ta mutu.

"Malam, cewa na yi in ga shafinka, ban ce ka kwaso gidanku ba."

"Yallaɓai, abu mai daraja ba a aika shi ta iska. Da kaina nake kawowa."

Ya jona, ya kunna. Kwamfuta ta shaƙi intanet ɗin otal, abin da ta daɗe ba ta gani ba. Sai ga rubutu ya fito yana tambayar wani abu. Gwani ba ya karatu da sauri, kuma ba ya so a gane, sai ya danna maɓallin da ya fi girma. Kwamfuta ta yi wanka ta sabunta kanta, ta share tsohuwar manhajar tas. Da shafi ya buɗe, ga fanka tsaye, ko tauraro ɗaya babu.

Manaja ya duba a tasa wayar. Nan ma tsaye.

"Malam, mai gyaran fanka, kuma fankar tallarsa ba ta juyawa? Ka ɗauki baronka. Zan kira na bayan layinku."

"Yallaɓai, tsaya! Tana juyawa. Kai ne ba ka shirya ba. Kawo wayar."

Kafin manaja ya yi magana, Gwani ya cire takalmi ya haye tebur. Ya ɗaga wayar saitin kan manaja, fuskarta na kallon ƙasa.

"Ɗaga ƙafafunka, ranka ya daɗe. Kalli sama. Kar ka ƙifta."

Ya sa ƙafa ya tunkuɗa hannun kujerar da ƙarfinsa. Manaja ya tafi, fir-fir-fir, hula ta yi gabas, takalmi ya yi yamma.

"Tana juyawa ko ba ta juyawa?"

"Tana juyawa! Tsayar da ni!"

"Ka ji iska?"

"Na ji! Wayyo kaina!"

"Taurarin fa?"

"Ga su nan! Na gan su!"

Kujera ta tsaya. Manaja ya rungume ƙafar tebur yana haki, idanu na yawo. Da ya dawo hayyacinsa ya ce, "Kai, bawan Allah! Yanzu duk wanda zai buɗe shafinka a gidansa, haka za a yi masa?"

Gwani ya sauko yana saka takalmi ya ce, "Haba yallaɓai, ni ɗaya ina zan iya? Kowa sai ya fara sayen kujerar tukuna, kuma a shagona kaɗai za a riƙa samunta."