Fentin Ƙofa a Jikin Salansa

Duk mantuwata, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka binne surukina ba, kuma ba don yawan kuka ba. Don abin da na aikata da gwangwanin fenti ne.

Ni tela ne a Zogbeli. Ina da wani tsohon moto (a nan Tamale ba ma cewa babur) wanda ya yi mini biyayya shekara da shekaru, sai dai salansarsa ta yi tsatsa har ta koma kalar kunun kanwa. Duk inda na faka sai an yi magana. Wanda ya fi kowa damuna shi ne Yakubu, yayan matata Azara. Da ya hango ni sai ya ce, "Masa," wato maigida, "wannan salansa ce ko tsohon kwanon tuya?" In yi dariya, amma wallahi abin yana cin raina.

Wata safiya cikin damina na ce yau sai na rufe bakin kowa. Na samo samfefa da burushin waya, na zauna ƙofar gida ina gurza har yatsuna suka yi jini. Na wanke da kananzir, ƙarfe ya fito fes. Saura fenti. Na san akwai na feshi wanda aka yi don ƙarfe mai zafi, amma da na tuna akwai ragowar baƙin fentin mai da aka shafa wa ƙofar gida, sai na ce fenti ai fenti ne. Na lafta shi da kauri, na ƙara laftawa (ni da ko allon shagona ban taɓa fentawa ba), na ja da baya ina kallon ƙyallinsa ina jin kaina wani babban injiniya.

Ban ko wanke hannu ba na ji ihun Azara daga cikin gida. Mahaifinta ya cika.

Da muka isa gidan makoki a Gumbihini an riga an fara haƙa kabari, aka ce da an idar da Azahar za a kai shi. Sai aka tuna da Baba Alhasan, yayan mamacin, uwa ɗaya uba ɗaya, tsoho ne da ke zaune can bayan Sagnarigu. Duk dangi sun san alkawarin da ke tsakaninsu: wanda ya riga tafiya, ɗayan ne zai sallace shi, ya kuma sa shi a kabari da hannunsa. Yakubu ya ce bari ya kira mai mota. Nan bakina ya yi tsalle. "Wace mota? Ga moto na gyara yau ɗin nan, ni zan ɗauko shi." Kunyar faɗa nake ji, amma gaskiya ita ce so nake Yakubu ya ga salansata. A gidan mutuwa fa!

Tun a hanyar zuwa na fara jin wani ƙauri, na ce sabon abu ne, zai daina. Na tarar da Baba Alhasan tsaye a ƙofa, ya yi alwala, ya sa farar babbar rigarsa ta Juma'a. Bai yi kuka ba. Ya hau bayana ya riƙe kafaɗata, ya ce, "Ɗana, yi sauri, amma a hankali."

Ba mu yi nisa ba hayaƙi ya turnuƙe. Fentin nan ya narke, yana tafasa yana ɗiga, hayaƙi baƙi ƙirin yana bin mu. Tsohon ya fara tari. "Ɗana, ba wani abu ke ƙonewa ba?" Na ce, "A'a Baba, shara ake ƙonawa a gefen hanya." Ashe a lokacin ma gefen rigarsa ya manne da salansa.

Da muka rage gudu a wata mahaɗa inda mata ke soya kifi, sai wata ta kwarma ihu da Dagbanci, "Bugum! Bugum!" wato wuta. Kafin in buɗe baki, an sheƙa mana baho guda na ruwan wankin kifi. Wata ta ƙara da bokiti. Bayin Allah, ceton rai suke yi. Moto ya yi tari ya mutu, ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Na buga, na buga, har takalmina ya tsinke, moto ko uffan bai ce ba.

Baba Alhasan ya sauka, muka ja rigar daga jikin ƙarfe, ta yage. Ya tsaya a bakin titi jiƙe sharkaf, ɓawon kifi a gemunsa, baƙin fenti tun daga gwiwa har ƙasa. Matan suka yi ta ba shi haƙuri. Waya tana ta ƙara a aljihuna, Yakubu ne. "Kuna ina? Hadari ya haɗo, liman ya ce in ruwa ya sauko kabarin zai cika!" Na ce ga mu nan kusa. Ƙarya nake, kuma duk keken haya mai ƙafa uku da na tsayar a cike yake, kowa na gudun ruwa.

Da ƙyar muka samu wani ya kai mu maƙabarta. Muna shiga, mutane na fitowa suna kaɗe ƙasa daga hannuwansu. Suka dare mana hanya. Warin kifi da na fenti ya riga mu isa. Yakubu ya dubi rigar tsohon, ya dubi baƙaƙen yatsuna, ya kawar da kai. Da ma ya zage ni.

Baba Alhasan ya taka har bakin sabon kabarin, ya daɗe a tsaye, an fara yayyafi. Sannan ya juyo gare ni, don ni kaɗai na rage a kusa, ya ce, "Ɗana, ta ina kansa yake?"

Na ruɗe, ko gabas na kasa ganewa. Sai da na je na kira mai haƙa ya nuna masa. Tsohon ya durƙusa a wajen, ya ɗora tafinsa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, na ji yana cewa a hankali, "Ka yafe mini, na zo, ban dai iso ba." Ban taɓa jin na tsani kaina kamar lokacin ba.

Har yau Baba Alhasan bai taɓa ɗaga zancen ba. In na je gaishe shi zai amsa da fara'a, ya tambayi Azara, ya sa mini albarka. Amma in na ce in rage masa hanya, sai ya ce ƙafafunsa na son motsi.

Abin da na koya kuwa bai da yawa. Fentin ƙofa na ƙofa ne. Kuma in ana neman wanda zai ɗauko tsoho ranar jana'iza, duk wanda ke da sabon abin da yake so a gani, a ba shi tabarma ya shimfiɗa wa baƙi.