Rasuwar Gwaggo, Saura Mita Ɗari Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka fara faso saboda tafiyar ƙasa, ni Abdulmalik Sani, malamin labarin ƙasa a wata sakandare da ke Tarauni, ina sanar da dangi da abokan arziki rasuwar motarmu, wadda unguwa ta sani da Gwaggo. Ta cika ranar Laraba da hantsi a kan titin Gyadi-Gyadi, tana da shekara ashirin da tara, sha ɗaya daga ciki a hannuna.

An haife ta a Jamus, ta shigo mana ta Kwatano bayan Turawa sun gama cin ƙuruciyarta. Marigayiyar ba ta da gaggawa, ba a kuma taɓa jin ta wuce wata mota don alfahari ba. Duk safiya idan na murza makulli sai ta ce kir-kir-kir, ta yi shiru kamar mai shawara da zuciyarta, sannan ta yi tari biyu ta tashi. Maƙwabta sun daina saita agogo saboda tarin nan. Hon ɗinta ya dishe tun zaɓen da ya wuce, amma ba ta taɓa barin mu a hanyar asibiti ba, kuma a kan wannan ne nake neman a saurare ni.

Mahaifiyata, Inna Rabi, tana zuwa wankin ƙoda sau biyu a mako. Shekara huɗu Gwaggo ce ke kai ta, kujerar gaba a kwance, da filo biyu.

Marigayiyar tana da wani aikin kuma. Akwai taswirar nan ta cikin waya da direbobin tasi ke bi, wadda 'yan sa-kai ke gyarawa kyauta. Ina cikinsu. Ni na sa lungunan Darmanawa da Daurawa a kanta, ni na raba ta da wani titi da ta ƙaga ta tsakiyar maƙabarta. Dokar aikin ita ce, mutum ba ya gyara wuri sai ya bi ta wurin da mota cikin kwana casa'in da suka wuce. Inda ka bi, ana buɗe maka rabin kilomita dama da hagu. Idan kwana casa'in suka cika ba ka sake bi ba, sai a rufe, ko da a ƙofar gidan aka yanke maka cibi.

A nan dole in faɗi laifina, tunda makoki wurin gaskiya ne. Shekara biyu da suka wuce na gano cewa taswira ba ta san wanda ke riƙe da waya ba. Sai na riƙa ba wani mai adaidaita-sahu wayata da safe, ya yi yawonsa, ya dawo min da ita da yamma. A mako uku na mallaki Kano daga Unguwa Uku har Kurna ina zaune a ɗakin malamai. Da na yi shiru da shi ke nan. Amma ilimi ba ya son ɓoyo, sai na bayyana dabarar a taron 'yan sa-kai, har da zane a allo. Kafin wata ya ƙare akwai wanda ke gyara titunan Maiduguri ta hannun direban tirela. Manyan taswira suka ji, suka kafa sabuwar doka: kowane ɗan sa-kai zai yi rajistar mota ɗaya, a maƙala mata wata 'yar na'ura a ƙarƙashin sitiyari, kuma tafiyar da tayoyin motar nan suka yi kaɗai za a lissafa. Abokan aiki suna kiran dokar da sunana. Ita ce kawai abin da aka taɓa sa wa sunana.

Ciwon ajali ya fara a watan Mayu, da zafin jiki da farin hayaƙi. Muka kwantar da ita a garejin Ezekiel, bakanikenta na shekara tara, mutumin Kafanchan da ba ya yi wa mota ƙarya. Ya saurari injin, ya goge hannu, ya ce, "Malam, wannan ba gyara take so ba, hutu take so." Ta kwanta wata huɗu da kwana shida.

Tana kwance ruwan Agusta ya tafi da kwalbatin bakin layinmu. Yanzu rami ne da zai haɗiye ƙaramar mota, sai katako biyu da aka gitta wa masu ƙafa. Akwai hanya ta baya, ta wajen kasuwar Tarauni, lafiyayya. Taswira ba ta yarda da ita ba, domin ta gaba ta fi kusa da minti huɗu. Na buɗe kwamfuta in rufe hanyar da ta mutu, aikin da bai kai tafasa shayi ba, sai na tarar layinmu ya yi toka-toka. Kwana casa'in sun cika da kwana biyu. Ina leƙen ramin ta tagar ɗakina, taswira tana gaya min ba ni da masaniya a kan wurin.

Tun daga nan duk tasin da na kira wa Inna, a bakin ramin yake tsayawa, ta wancan gefen. Ina kiransu in yi kwatance. Wani ya ce min, "Alhaji, ni abin da waya ta nuna nake bi." Na ce ni na zana abin da wayar ke nunawa. Ya ce, "To ka zana gada," ya kashe. Masu haƙurin cikinsu sukan juya, taswira ta zagaya da su ta dawo da su bakin ramin, su soke tafiyar. Adaidaita-sahu kuwa Inna ba ta iya zamansa, jiri ke kwasarta. Maƙwabciyarmu Malama Rifkatu ta kai ta sau biyar a motarta, har ta makara a aiki aka ba ta takardar gargaɗi. Ba ni da fuskar sake buga mata ƙofa.

Ranar Asabar ta makon jiya muka ɗora Inna a kujerar roba, mu huɗu, muka tsallaka da ita ta kan katakon nan zuwa wurin tasi. A tsakiya katakon ya lanƙwasa. Ba ta yi ihu ba. Ta dube ni ta ce, "Audu, ashe da raina za a ɗauke ni a kafaɗa." Da muka dawo ta rantse ba za ta sake hawa ba, kuma Inna ba ta kaffara. Wanki biyu ya wuce ta. Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, likita ya ce kada na uku ya wuce.

Na nemi a sauya min rajistar mota. Wannan sai da sa hannun shugaban yanki, Injiniya Wale, mutumin kirki, wanda ya koma Kanada bara da muƙaminsa a aljihu. Na tura masa saƙo goma sha ɗaya. Na sami amsa ɗaya, hoton babban yatsa. Sauran 'yan sa-kai biyu da ke da mota a kusa, ɗaya ya sayar da tasa, ɗayan bai kai matakin taɓa titi mai kwalta ba, lungu kawai aka yarda masa.

Shi ya sa ranar Laraba na je na ɗauko Gwaggo daga gadon jinya. Ezekiel ya tsaya a gabanta ya ce, "Idan ka fita da ita, gawa za ka dawo da ita." Na ce kilomita uku ne kawai. Ta ce kir-kir-kir, ta yi dogon shirun da ban taɓa ji ba, ta yi tari ɗaya, ta tashi. Mun wuce gidan mai, mun wuce masu gyaran taya, tana rawa ina lallashi. Daidai wurin masu lemo ta ce ƙwas, sannan ta ce fuuu. Ba ta ƙara cewa komai ba.

Da yamma na duba taswira. An buɗe min duk inda ta bi. Ina da iko a kan gidan man, da masu lemon, da wani masallaci da ba ya bukatar gyaran kowa. Iyakar ikona ta tsaya saura mita ɗari biyu ta kai ramin.

Ta rasu ta bar ni, da matata Fiddausi wadda ta ce tun farko kishin kwamfuta ya fi na mutum ciwo, da Inna Rabi, da filo biyu, da safaya da ba ta taɓa yin daidai da sauran tayoyin ba.

Ga tsarin jana'iza. Ezekiel ya tabbatar min cewa na'urar ba ta san mota ta mutu ba. Batir take so, da tayoyi masu juyawa da gudun da ya fi na ɗan adam. Saboda haka gobe Litinin, ƙarfe tara na safe, za a sa wa marigayiyar batirin aro, a ɗaure ta da igiya a bayan akori-kurar Malam Auwalu mai dakon siminti, a ja ta daga wurin masu lemo har bakin ramin. Ni zan riƙe sitiyari. Ba ta da birki sosai, don haka ana roƙon maza masu ƙarfi su jira a can da duwatsu. Idan an karɓi tafiyar, zan rufe hanyar a kan gawarta, da kwamfuta a cinya, sannan a miƙa ta ga 'yan gwangwan. Wankin Inna Talata ne, ƙarfe takwas.

Wannan dabarar, ina roƙo, kada kowa ya kai ta taro.

Za a karɓi gaisuwa a gida. Masu zuwa su biyo ta bayan kasuwa, su tambayi mutane. Wanda ya bi taswira kuma bai ɓata ba, zai same mu a bakin ramin. Ya taho da dutse.