Akushin Surukina

Ba zan taɓa mantawa da akushin surukina ba, ko da kuwa na so. Lokacin Birnin Kebbi tana cikin Jihar Sakkwato, ina koyar da aikin katako a wata makaranta, sai aka kawo mana injin goge katako mai aiki da lantarki. Na ɗauki son duniya na ɗora wa injin nan. Duk abin da na gani sai in ji yana bukatar guga.

Ina sabon ango muka je gaisuwa Argungu, na hango akushin da Baba surukina yake cin tuwo a ciki, baƙi ƙirin. Na ce a raina dauɗar shekaru ce (ni a farantin tangaran na tashi). Na lallaɓi matata ta ɗauko mini shi a ɓoye, wai zan burge tsoho.

Samfefa, takardar gugar da ake ɗaura wa injin, iri-iri ce, akwai mai laushi, akwai mai kaushi. Don gaggawa na ɗaura mafi kaushin, na danne injin a gindin akushin, ina murna baƙin yana tashi. Ya fito fari tas, ya kuma yi sakayau a hannu, amma ban kawo komai a raina ba.

Ranar Juma'a na mayar da shi, Baba yana zaure da abokansa. Ya juya shi, ya sake juyawa.

"Mi yas sami akushin ga, ya koma hwari?"

Na ce gyara ne, har da ɗan murmushina. Don kara ya sa aka zubo tuwon shinkafa da miyar kifi a ciki. Yana karɓa gindin ya ɓurme, tuwo da miya suka sauka a kan farar rigarsa.

Na ga mutuncina a gidan nan ya bi miyar. Sai ga muryar Inna, surukata, daga bayan ƙofa tana ce wa Baba:

"Laihina na, Malam. Ni nac ce a kai shi gyara, tun bara ya tsage."

Akushin nan bai taɓa tsagewa ba, kuma ta fi kowa sani, domin mahaifiyarta ce ta sa mata shi a kayan aure. Baƙin ma, ashe da wuta ake yi masa da gangan.

Har ta rasu ba ta taɓa tayar mini da zancen ba. Ta dai shimfiɗa ƙaiƙayi a cikin akushin, kazarta tana ƙwai. Allah ya jiƙan Inna, ya suturta ta kamar yadda ta suturta ni. Tun ranar, in na ga abu baƙi, tambaya nake fara yi kafin in kunna inji.