Rasuwar Giwa, Motar da Na Shayar da Ruwan Famfo

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, ni Alhaji Abdulƙadir Direba na unguwar Dagenham a London nake sanar da 'yan'uwa na wannan group rasuwar Giwa, motata mai ɗaki da kicin a cikinta. Ta cika ranar Lahadi, makonni uku da suka wuce, a gefen titin A13, tana da shekara goma sha tara, tara daga ciki a hannuna.

Marigayiya mai haƙuri ce. In na murza makulli da safe sai ta yi gir-gir-gir sau biyu, kamar dattijuwa tana gyaran murya, sannan ta tashi. A cikinta muke alwala, mu yi salla, matata Hajiya Karimatu ta tuƙa tuwo a bakin teku, Turawa na leƙe. Tun da gwiwoyin Hajiya suka hana ta hawa bus da tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, Giwa ce ƙafarta. Tana da gado da banɗaki, ba ta taɓa sa matata ta roƙi kowa ba.

Ciwon ajalinta zazzaɓi ne. Allurar zafi ta haura ja, lagireto ya tafasa, ta yi tsss mai tsawo, farin hayaƙi ya rufe gilashi. Ɗana Mutawakil ne ke tuƙi, za mu Southend bakin teku. A nan gefen titi, gaban matarsa da 'ya'yansa, na ce masa shi ya kashe ta da gudu. Na dawo gida na sake faɗa a voice note, duk kun ji. Tun ranar bai taka gidana ba.

Jiya Mashud makanike ya yi mata wanka, ya buɗe cikinta. Ya kira ni ya nuna mini lagireto, ya toshe da farar ƙasa kamar gindin tsohon kettle, tsatsa ta cinye tiyo, gasket ya ƙone, kan injin ya tsage. Ya ce, "Alhaji, wannan ba aikin rana ɗaya ba ne. Me kake ba ta ta sha?"

Ruwan famfo nake ba ta. Shekara ashirin na yi ina jan tirela daga Kano zuwa Legas, ruwan rijiya da na rafi muke ɗurawa, mota ba ta taɓa ƙorafi ba. Mutawakil ya sha ce mini, "Baba, ruwan London ba irin na gida ba ne, coolant ake sawa, ruwan sanyaya inji." Har ya sayo ya kawo. Na ce yaron da aka haifa a asibitin Turawa ba zai koya mini mota ba.

Ta bar taya sifeya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da risho, da dardumai huɗu, da galan biyu na coolant ɗin nan mai launin ruwan hoda da Mutawakil ya kawo a ƙarƙashin gado, ko murfinsu ban buɗe ba. Ta bar Hajiya, wadda yanzu sai dai ta zauna a bakin taga.

Masu mota, ku duba ruwanta kafin tafiya, injin na sanyi. Ku sa abin da aka ce ku sa, ko da ɗanku ne ya faɗa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan azahar, masu scrap, 'yan sayen matattun motoci, za su zo da janwe ƙofar gida. Zaman gaisuwa a falo, akwai shayi. Duk wanda ya tura wancan voice note gaba, ya tura wannan ma wurin da ya kai shi.

Mutawakil, ba kai ka kashe ta ba, ni ne. Na ce da masu janwe kada su ɗaura mata sarƙa sai ka iso.