Sanarwa a Takardar Ƙosai

Ƙarfe bakwai da kwata na safe abin ya fara lalacewa, lokacin da na ga sanarwa a guntun jaridar da aka naɗe mana ƙosai: baje kolin kimiyya don yara a Koulouba, har da madubin kallon taurari.

Ni da magana ke yi wa wuya, na yi wa ƙannena huɗu alkawari a gaban Inna. Kwana uku ina haddace sunayen taurari. Adireshin ma sau biyu na kwafa.

Ranar Alhamis da babu makaranta muka tafi cikin kayan sallah, muka tarar an rushe layin gaba ɗaya. Autarmu Balki ta fashe da kuka. Da ƙyar na miƙa wa wani tsohon mai gadi takardar. Ya jujjuya ta, ya dube ni.

"'Yata, ai jaridar nan ta girmi yarinyar nan."