Ranar da Na Yi wa Tandar Goggo Fenti

Ni mutum ne mai son gyara, ko ba a sa ni ba. Ana jibi sunan 'yarmu, Goggo Asabe, ƙanwar mahaifina, ta aiko da tandarta ta ƙarfe daga Gwallaga, wadda take suyar masa da ita tun ina goye. Na duba na ga ta yi baƙi ƙirin, ga ɗan tsatsa a gefe. Tausayin tsohuwa ya kama ni.

Ban shawarci kowa ba. Na tari Keke Napep na kai ta wurin mai fentin mota, na ce a kankare ta tas, a fesa mata baƙi mai sheƙi. Mutumin ya dube ni ya ce, "Malam, ta ado ce ko ta girki?" Na ce ya yi aikinsa kawai.

Ranar suna Goggo ta ɗora ta a wuta, ta zuba ƙullu. Ni kuwa ina tsaye ina jiran a sa min albarka. Sai hayaƙi ya turnuƙe gidan, wari kamar a gareji, masa ta manne ta ƙi tashi.

"Ɗan nan, me ka yi wa tandar tawa?"

"Gyara ta na yi, Goggo."

"Gyara? Baƙin nan shekara talatin ina tara shi da man gyaɗa!"

Haka baƙi suka zo suna a garin Bauchi aka sallame su da shayi da burodi.

Yarinyar ta shiga firamare yanzu, amma har yau da na yi sallama a gidan Goggo sai ta ɗaga murya: "Ku ɓoye tukwane, ga Mai Fenti nan!"